Salatif a Kan Gudumar Baba

Ranar da na ɗauki gudumar Baba na ga takarda liƙe a ƙotarta, na ɗauka ko wani ne ya sa mata farashi. Guntun salatif ne irin na takarda, wanda muke rufe gefen madubi da shi in za mu yi fenti, an rubuta kalmomi biyu a kai da biro. Na duba zarto, shi ma da nasa. Kurfi, awartaki, tef ɗin awo, har gwangwanin gam bai tsira ba. Rubutun kuwa ko daga barci na tashi na san shi. Na ƙanena ne, Auta, rubutu mai kwanciya gefe guda kamar mai shi.

Shagon kafinta ne a gaban gidanmu, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da tsakar gida. Baba ne ya kafa shi, ni kuma a cikinsa na tashi, tun kaina bai kai teburin aiki ba. Ni aka miƙa wa samfefa, Auta aka miƙa wa jakar makaranta. Sai da ya gama karatunsa, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya cinye, sannan ya tuna ubansa yana da sana'a. Ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba, yana da hannu, ƙofar da ya haɗa ba ta kuka. Amma wanda ya riga ka kwana ai dole ya riga ka tashi.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, kullum da safe mu biyu muke ɗauko shi a kan kujerarsa mai hannu, wadda shi ya ƙera da kansa. Ni ina riƙe baya, Auta yana riƙe ƙafafu, mu tsallake dokin ƙofa mu ajiye shi a kusurwar shago inda ƙurar katako ba ta kaiwa sosai. A nan yake wuni yana kallonmu. Magana tana yi masa nauyi, sai ya tara ƙarfi kafin ya fitar da kalma, saboda haka yawanci da sandarsa yake magana. In na kauce layi ya buga ƙasa, in aiki ya yi kyau ya gyaɗa kai. Abu ɗaya nake jira in ji daga bakinsa, kuma kowa a gidan ya sani: ya ce shagon nan nawa ne. Bai taɓa faɗa ba. Yana da lafiya bai faɗa ba, ya kwanta ma bai faɗa ba, ni kuma abin yana cina a rai kamar gara a cikin katako.

A cikin wannan hali ne Auta ya zo da zancen Jamus. Wai akwai masu ƙera ƙofofi da tagogi a can da suke ɗaukar masu koyon aiki daga waje, sharaɗinsu mutum ya ci jarrabawar yarensu. Ya shiga wani aji da ake yi da yamma a saman wani kantin magani. Tun daga nan mutanen layinmu suka sa masa Bajamushe, shi kuma yana amsawa yana washe baki.

Da ya shigo da safen nan na ɗaga masa gudumar na tambaye shi menene wannan. Ko a jikinsa. Ya ce malamarsu ce ta ce kowa ya liƙa wa kayan da yake taɓawa kullum sunansu da Jamusanci, ido ya riƙa gani har ya zauna a ka. Na ce to kalma ɗaya suna ce, ɗayar fa? Ya ce darasin da suke kai ke nan, yadda ake cewa abu nawa ne ko naka ne ko nasa. Ya nuna da yatsa yana karanta mini, wai mein Hammer, gudumata ke nan, meine Säge, zartona. Har da ƙarin bayani, wai a wurinsu guduma namiji ce, zarto kuma mace, shi ya sa kalmar take canza wutsiya. Na ce ƙasar da guduma ta zama namiji ai sai a yi hattara da ita.

“Gudumarka,” na ce. “Yaushe ta zama taka?”

“Yaya, karatu ne fa.”

“Karatun bai koya maka yadda ake cewa ta Baba ba?”

Ya ce ba su kai nan ba, daga nawa ake farawa. Na ce ai na ga alama.

Mai walda da ke maƙwabtaka da mu yana bakin ƙofa yana shan shayi, ya ji komai. Da Auta ya fita sayen ƙusa sai ya matso ya ce mini ruwa ba ya tsami banza. Ya ce shi ya ga irin haka a gidansu, da wasa ake fara sa wa abu hannu, ranar da babu babba sai ka ji ana cewa ai kowa ya san nawa ne, ga ma alama. Na san mai walda da son ganin wuta ta tashi a gidan wani, sana'arsa ce ma. Amma maganarsa ta sami wurin zama, domin ni ma abin da ke raina ke nan.

Na bi kayan ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓare takardun na watsa cikin ƙurar katako. Washegari na tarar da sababbi. Na sake ɓarewa, ya sake liƙawa, bai ce mini uffan ba, ni ma ban ce masa ba. Da na ga abin nasa taurin kai ne sai na sayo kwaɗo, na tattara manyan kayan aikin na zuba a akwatin ƙarfe na datse, mabuɗi a aljihuna. In yana son kurfi sai ya zo ya tsaya a gabana ya tambaya. Yana zuwa kuwa, ya tsaya ya miƙo hannu fuska a murtuke, ni kuma in ɗauki lokacina ina laluben aljihu. Daga baya na ɗauki alli na ja layi a ƙasa tun daga ƙofa har bango, na ce ya liƙa haukarsa a wancan ɓangaren. Baba ya bi layin da ido har ƙarshensa, ya buga sanda a ƙasa. Na yi kamar ban ji ba.

Abu ɗaya ne layin bai iya rabawa ba, injin tsaga katako. Yana tsakiyar shago, kuma dogon katako ba ya tsaguwa da mutum ɗaya. Wani yana turawa ta gaba, wani yana tarewa ta baya yana ja a hankali, in babu mai tarewa nauyin katakon ya rinjaya ya karye a bakin zarto ko ya yi tsalle ya nufo mai turawa. Ni nake turawa, Auta yake tarewa, haka Baba ya tsara mu tun farko. Da can in na kai rabi sai in ce kama, ya kama. Da muka daina magana ma kalmar nan ita kaɗai ta rage tsakaninmu, kuma ko ban faɗa ba hannunsa yana wurin. Wannan ma haushi yake ba ni, a ce mutumin da ba na son gani shi ya fi kowa sanin numfashina a bakin inji.

Ga kuma bakinsa da ba ya hutawa. Yana goge katako yana jero su kamar mai ƙirga awaki, mein, dein, sein, unser, nawa, naka, nasa, namu, ya koma farko. Wayarsa tana kan taga wata mata tana faɗa yana maimaitawa. Ba da sona ba abin ya shiga kaina. Wata rana na kama kaina ina buga ƙusa da wannan kiɗan, na ji kamar in ciji harshena.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya mayar da Baba allon karatunsa. Shi yake yi wa Baba aski, don Baba ya ce hannuna yana da nauyi. Sai ya shafa masa kumfa, ya riƙe haɓarsa, ya ce mein Vater, babana. Ya taɓa hular Baba ya faɗi hularsa da yaren, ya taɓa sandar ya faɗi sandarsa. Baba kuma ya yi murmushin nan nasa na gefe guda, wanda ni rabon da ya yi mini shi har na manta. Ni da nake juya shi a kan gado, ni da matata take wanke masa zannuwa. Ran nan Auta ya nuno ni da reza ya ce mein Bruder, wai ɗan'uwana. Na ce ya kiyaye ni, ni ba burodin kowa ba ne, in yana neman ɗan'uwa ya jira ya isa can ya samu mai jan kunne. Baba ya rufe ido har aka gama askin.

Matata ta yi ta ba ni baki. Ta ce yaron nan tafiya zai yi, me zai yi da tsohuwar guduma a ƙasar da inji yake yin komai? Na ce ta tsaya a kan abin da ta sani. Tafiyar ai ita ce matsalar. Wanda zai zauna ya yi gumi tare da ni in ya ce nasa ne da sauƙi. Amma mutum ya sa ƙafa ya tafi, ya bar ni da haya da wuta da masu kawo aiki da tsoho a kan kujera, bayan shekaru ya dawo da ƙaton agogo ya ce ina rabona? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba da ni ba.

Sai ga shi karatu ya ci gaba, an kai namu. Na fito da safe na tarar da dogon salatif a saman ƙofar shago, daga waje, inda duk mai wucewa zai gani, an rubuta unsere Werkstatt da manyan baƙaƙe. Ban buƙaci tafinta ba, kalmar farko ta riga ta zauna mini a ka. Ina jin shi a tunaninsa sulhu ya kawo, don ya tsaya yana satar kallona kamar yaron da ya share tsakar gida ba a sa shi ba. Ni kuwa sai na ji gara ma nawa ɗin da yake rubutawa a da. Nawa kowa ya san ƙarya ce. Namu kuwa tana da ƙafafun da za ta tsaya a gaban mutane.

A ranar wata hajiya mai shagon ɗinki ta zo duba kabad ɗin da muke yi mata. Ta ɗaga kai ta ga rubutun ta tambaya ko mun canza suna ne. Kafin in buɗe baki Auta ya ce a'a, cewa aka yi shagonmu, shi da yayansa. Ta ce masha Allah, haka ake so, 'yan'uwa su haɗa kai, Allah ya bar zumunci. Ta juya ta gaida Baba ta ce ya yi sa'ar 'ya'ya. Na tsaya ina murmushin dole har ta hau mota.

Tana tafiya na fizge salatif ɗin na dunƙule na jefa masa a ƙirji. Na faɗi abin da ke cikina, na shekara da shekaru. Na ce lokacin da yake zaune a aji yana gyangyaɗi ni ina nan ina shaƙar ƙura, na nuna masa ɗan yatsana da inji ya gutsure, na ce da wannan aka biya masa kuɗin littafi. Shi ma bai raga mini ba. Ya ce ba shi ya hana ni makaranta ba, kuma tun da ya dawo shagon nan ban taɓa barinsa ya yi magana da mai kawo aiki ba sai ka ce ɗan haya, ya ce in ina son sanin abin da ya kore shi zuwa wata ƙasa in duba madubi. Mai walda ya kashe injinsa don ya ji da kyau.

Zuciya ta ɗebe ni, na je na tsuguna a gaban kujerar Baba. Ban taɓa yi masa irin wannan tambaya kai tsaye ba, amma ranar idona ya rufe.

“Baba, yau sai ka raba mu. Shagon nan na wane ne?”

Ya daɗe yana kallona. Yawu ya taru a gefen bakinsa da ya shanye, Auta ya matso zai goge masa na ture hannunsa. Na ce ba mai taɓa shi sai ya ba ni amsa. Ya dubi teburin aiki, ya dubi akwatin da na datse da kwaɗo, ya dubi layin alli.

“Naka ne, Babba,” ya ce, sunan da yake kirana da shi ke nan.

Na ce ya maimaita Auta ya ji. Ya maimaita. Na miƙe ina jin kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Auta bai yi gardama ba. Ya je taga ya ɗauko salatif da biro, ya ce in ba shi mabuɗin akwati. Na ba shi don in ga gudun ruwansa. Ya fito da kayan ya jera a kan tebur, ya shiga yanka salatif yana rubutawa yana liƙawa. Dein Hammer. Deine Säge. Gudumarka, zartonka. Bai yi gaggawa ba, in ya yi shakkar wani abu namiji ne ko mace sai ya duba waya, ya gyara, sannan ya liƙa ya murje da babban yatsa. Ya tsallake layin alli ya liƙa wa teburina, ya liƙa wa inji, ya liƙa wa tsintsiya da bokitin shara. Kowanne sai ya karanta da ƙarfi ya fassara mini, kamar ni ne ɗalibin. Wulaƙanci ne tsantsa, kuma ya iya shi. Na harɗe hannu na bar shi, na ce ai gaskiya yake rubutawa yau.

Da ya gama ya tsaya yana waige-waige ko akwai abin da ya rage. Babu, sai kusurwar da Baba yake. Ni kuma bakina bai gaji ba.

“Saura ɗaya,” na ce. “Shi ma liƙa masa naka, tunda bar mini shi za ka yi ka gudu.”

Auta ya tsaya da salatif a hannu, fuskarsa ta canza. Sai muka ji motsi. Baba ne ya jingine sandarsa, ya ɗago hannunsa mai lafiya a hankali, ya miƙo shi gaba, ya juya bayan hannun sama yadda za a ji daɗin liƙawa.

“Liƙa,” ya ce. Ya huta, ya tara numfashi. “Ana rabon kaya. Ni ma kaya ne.”

Hannun yana nan a miƙe, ya ƙi saukewa. Auta ya saki salatif ɗin ya gangara ƙarƙashin inji, ya durƙusa ya kama hannun da nasa biyu yana cewa Baba ya yafe masa. Ni ban durƙusa ba. Ban ga laifin da na yi ba, tambaya na yi aka ba ni amsa. Da yamma muka ɗauki kujerar kamar kullum, ni a baya shi a ƙafafu, babu wanda ya dubi wani.

Auta ya ci jarrabawarsa. Takardunsa suka fito, ya haɗa jaka ɗaya, ko ƙusa bai ɗauka daga shagon ba. Ranar tafiyar ya yi wa Baba aski, muka fito da shi tare, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Yaya, na tafi.” Ina auna katako, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗago ba. Matata ce ta raka shi tasha, ta dawo da jajayen idanu ta ƙi yi mini magana har washegari.

Yanzu mai walda ne yake kama mini kujerar, in ya ga dama. Wata rana sai rana ta take yake zuwa, yana mita wai bayansa, wata rana Baba ya wuni a ɗaki. Ni nake yin askin, kuma nakan yanke shi, ba ya cewa komai. In Auta ya kira waya sai Baba ya riƙe ta a kunne ya yi ta fitar da kalmomi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ban san yana da sauransu ba. Takardun suna nan a jikin kayan, sun yi baƙi da gumin hannuna. Ban ɓare su ba, don me zan ɓare?

Ran nan aka kawo aikin teburin cin abinci, katako mai tsada, dogo, mai shi da kansa ya zaɓo. Na leƙa ban ga mai walda ba. Na ce shekara nawa ina wannan aiki, zan iya. Na jawo benci na ajiye a bayan inji ya tare mini, na tayar, na fara turawa. Zarto yana ci lafiya lau, layi yana tafiya daidai. Da na kai rabi bakina ya ce kama, shi kaɗai, ban aike shi ba.

Katakon ya zame daga kan bencin, ya rinjaya, ya daki ƙasa. Na ji ƙarar tsagewarsa ta bi tsawonsa har zuwa hannuna. Na kashe inji. Ƙura ta lafa, ga katakon mutane a ƙasa ya rabu biyu ta inda ba a so, ba ya gyaruwa.

Na juya wajen Baba. Ina jiran ya buga sanda, ya yi mini faɗa irin na da, ko ya nuna mini da kai yadda zan ceci ko rabinsa ne. Sandar tana jingine a bango, bai taɓa ta ba. Ya dubi katakon, ya dubi wurin da babu kowa a bayan inji, sannan ya dube ni.

“Naka ne,” ya ce.